Shirun Baiti na Uku

Ni na riƙe rakodar a daren nan,
a zauren Hankurau tela, cikin Bagalam.
Batir huɗu na aro,
da kaset ɗaya da muka share kokawar bara a kanta.
Nomau ya ɗora jita a cinya,
tsirkiya biyar nata ne,
ta shida wayar birkin keke ce.
Muryarsa kuwa, tsakani da Allah,
kamar ana jan buhun gyaɗa a kan tsakuwa.

Ya yi waƙar shekarar da gulbi ya ci gonarsu,
ya ci tumatir, ya ci amalanke.
Da ya kai baiti na uku sai ya tsaya.
Numfashi huɗu, ko biyar.
Sannan ya ci gaba.
Na san dalili, a gabana aka yi:
kaza ce ta ture butar shayi,
muka bi ta da ido, ba halin tashi,
kaset na juyawa, batir na mutane.

Yau shekara talatin da ɗoriya.

Habsu ta Tibiri ce ta fara ɗauka.
Ta wanke waƙar tas, ta turara ta,
inda ya ce gona ta ce masoyi,
mata suka yi ta juyi da ita har zani ya kwance.
Samari uku na unguwar Zariya
suka ɗora mata gangar inji,
suna watso kalmomi kamar masu gwanjo.
Wani a Katsina ya ɗinka mata rigar fiyano,
ta dawo mana ta Ɗan Isa
ba wanda ya tambaye ta takarda.
Wani Buzu ya ja ta, ya ja ta,
ta yi tsawon hanyar Agadas,
har na yi gyangyaɗi kafin ruwan ya iso gonar.

Amma kowannensu, ka kasa kunne,
in ya kai baiti na uku sai ya tsaya.
Habsu ta tsaya. Injin samari ya tsaya.
Buzun ma, da ba ya jin rabin Hausar, ya tsaya.
Wani mushe ya shiga rediyo
ya ce shirun nan shi ne cibiyar waƙar.
Na yi dariya har na ƙware da fura.
Ƙasa guda tana yi wa kaza ladabi!

Nomau yanzu irin albasa yake aunawa a kasuwa.
Ko dala ba ta taɓa biyo waƙar ta zo gida ba,
shi kuma bai taɓa bin sawunta ba.
Ya ce ɗiyar da ta yi ƙafa
ba a tambayar ta inda ta sha ruwa.

Ran Juma'a ina zaune a rumfarsa
wani ɗan kabu-kabu ya tsaya sayen goro,
salula a aljihu, wata sabuwar murya na fita,
yarinya ce da ba mu san sunanta ba.
Ta kai wurin. Ta tsaya.
Na zungure shi: ga kazarka nan, tsoho.

Ya ce, wace kaza?

Na ce, ta Hankurau mana, mai butar shayi.
Ya daɗe yana share bakin tiya da tafin hannu.
Ya ce, ban ga kaza ba.
Akwai baiti a wurin.
Na Ilu ne, ƙanena, shi ke kan amalanken.
Na buɗe baki ya ƙi fita.

Ɗan kabu-kabu ya karɓi canjinsa ya tashi babur.
Yarinyar ta riga ta ci gaba,
muna jin ta har kwanar masu tukwane.
Wata mata ta zo tana tayin rabin tiya.
Nomau ya auna mata,
ya ƙara mata kaɗan a kai.